Doris Lemngole: Sakan 14 ba wasan yara ba ne

Gardamar ta taso ne a fadarmu bayan sallar isha'i, shayi na biyu yana kan gawayi. Wani ƙanenmu da ba ya rabo da kallon guje-guje a waya ya miƙo mana bidiyon wata yarinya ƴar Kenya, tana tsallake shingaye, tana dira cikin ramin ruwa tana ficewa, abokan tserenta kuwa can baya sai ka ce ba tare aka sallame su ba. Ya ce, “Yaya, ka ga wannan? Ɗaliba ce fa a Amurka. Wallahi da za ta ajiye takardu ta shiga sahun ƙwararru, baɗi war haka ta karya tarihin duniya.” Mai dafa mana shayi ya ce ai tunda ta iya wannan tana karatu, in ta bar karatun sai dai a bi ta da babur. Aka kwashe da dariya. Ni dai ban yi ba, don na sha jin irin wannan magana a kan yara masu baiwa, na kuma ga inda take kai wasunsu.

Yarinyar ita ce Doris Lemngole, ɗaliba a Jami'ar Alabama. Abin da na faɗa musu a daren shi zan maimaita a nan da ɗan tsari. Baiwarta gaskiya ce, babu zuzutawa a ciki, kuma ta riga ta samu wurin zama cikin mata biyar ko shida da suka fi kowa iya wannan tsere a duniya. Amma tarihin duniya wani gida ne daban. Ban ga yadda za ta shige shi tana ɗauke da kayan jami'a a ka ba, kuma ban ga hikimar matsa mata ta yar da kayan don mu samu abin yi wa tafi ba.

Abin da ta riga ta yi

Ga wanda bai saba kallo ba, tseren nan na mita 3,000 ne, wajen zagaye bakwai da rabi na fili. A cikinsa ana tsallake shinge sau 28, ramin ruwa kuma sau bakwai. Shingen mata tsayinsa santimita 76 ne, kuma ba irin wanda ke faɗuwa in ƙafa ta taɓa shi ba ne. Gungumen katako ne, in kun yi karo kai ne za ka sha ƙasa. Ramin ruwan kuwa tsawonsa mita uku da santimita 66. Saboda haka numfashi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da ƙafa mai lissafi da zuciyar da ba ta tsoron faɗuwa lokacin da gajiya ta rufe ido.

Lemngole ta isa Alabama a 2023. A watan Nuwamban shekarar ta zo ta biyu a tseren daji na jami'o'in Amurka baki ɗaya, wanda hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ke shiryawa, a bayan Ba'amurkiya Parker Valby. A watan Yunin 2024 ta ci tseren shinge da ruwa na jami'o'in cikin minti 9 da sakan 15.24, lokacin da babu ɗalibar da ta taɓa yin sa. A Nuwamban 2024 ta ɗauki kambun tseren dajin. Sai ranar 14 ga Yunin 2025, a filin Hayward da ke garin Eugene, ta yi abin da ƙanenmu ke nuna mana a waya: minti 8 da sakan 58.15. Ita ce ɗaliba ta farko da ta sauka ƙasa da minti tara, kuma ta bar wadda ta zo ta biyu da tazarar wajen sakan goma.

Don a gane nauyin wannan lokaci, a tuna cewa sai a 2008 aka fara yin wannan tsere na mata a gasar Olamfik. A can Beijing, Gulnara Galkina ta Rasha ta ci zinariya cikin minti 8 da sakan 58.81, ta zama mace ta farko da ta sauka ƙasa da minti tara, kuma lokacin nata ya zauna a matsayin tarihin duniya har 2016. To ga ɗaliba, a gasar makarantu, ta yi gudun da ya fi wannan. Wanda ya ce abin ba na mamaki ba ne, ya dai faɗa ne.

Ba ta tsaya kan ɗalibai ba. A watan Agustan 2025 ta je Lausanne ta ƙasar Suwizalan, gasar Diamond League inda ƙwararru ke neman abincinsu, ta zo ta ɗaya ana tafka ruwan sama. A Satumba ta wakilci Kenya a gasar duniya ta Tokyo, ta zo ta biyar. Duk wanda ya san yadda ake kokawar samun gurbi a tawagar Kenya ya san shiga cikinta ma nasara ce. Har nan babu saɓani tsakanina da ƴan fada.

Lissafin da ba a so a yi

Saɓanin yana farawa ne in aka ɗauko agogo. Tarihin duniya na wannan tsere yana hannun Beatrice Chepkoech ta Kenya, minti 8 da sakan 44.32, wanda ta kafa a Monaco cikin watan Yulin 2018. Tsakaninsa da lokacin Lemngole akwai sakan 13.83, mu ce 14. A baki abin kamar babu komai, kafin ka zuba shayi daga wannan kofi zuwa wancan sau biyu sun wuce. Amma a fili, da irin saurin da take yi, sakan 14 ya kai mita 77. Wato da za a haɗa gudun Chepkoech na ranar nan da gudun Lemngole na Eugene a fili guda, sa'ad da ta farko ke taka layin ƙarshe, ta biyun ba ta daɗe da shigowa miƙaƙƙen layin ƙarshe ba. In aka raba tazarar, sai ta rage kusan sakan biyu a kowane zagaye, zagaye bayan zagaye, ba tare da ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya a tsallake 35 ba.

Wani zai ce ai daga 2024 zuwa 2025 ta rage sakan 17, me zai hana ta rage 14? Abin da zai hana shi ne sakan ba farashi ɗaya gare su ba. Na farko-farko da araha ake samun su, da ingantaccen abinci da atisaye mai tsari da gyaran tsallake. Na ƙarshe-ƙarshe kuwa sai an biya da shekaru. Dubi Winfred Yavi, haifaffiyar Kenya da ke yi wa Bahrain gudu, mai zinariyar Olamfik ta 2024. A birnin Rum, ƙarshen Agustan 2024, ta yi minti 8 da sakan 44.39. Kashi bakwai cikin ɗari na sakan guda ya raba ta da tarihin, ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo, amma bai karyu ba. Wannan mace ce da ba ta da wani aiki a duniya sai gudun nan.

Akwai ma gwajin da ya fi wannan sauƙin gani. Mako uku bayan gudun Lemngole, a wannan fili dai na Hayward, ƙwararru suka zo tasu gasar. Yavi ta yi minti 8 da sakan 45.25, Faith Cherotich ta Kenya ta bi ta da 8 da 48.71. Fili ɗaya, ramin ruwa ɗaya, bambancin sakan 13.

Sannan ga wani abu da kalmar “ɗaliba” ke ɓoye mana. Muna jin ta sai mu ɗauka ƙaramar yarinya ce ta shigo cikin manya. An haifi Lemngole a 2002. Cherotich, wadda ta ci zinariyar Tokyo cikin minti 8 da sakan 51.59, an haife ta a 2004. Sembo Almayew ta Habasha da ta ɗauki tagulla, a 2005 aka haife ta. Ashe ƙannenta ne ke gabanta. Duk shekarar da za ta ƙara ƙarfi, su ma suna ƙarawa, kuma in tarihin zai karye nan kusa, su da Yavi ne a bakin ƙofa.

Mu da muka tashi da kokowa mun san wannan. Ɗan kokowa zai kayar da kowa a jiharsa har makaɗa su rasa kirarin da za su yi masa, amma ranar da aka taru neman takobin ƙasa sai ya tarar kowa ma haka yake a tasa jihar.

Taura biyu

Dalilin da ya sa nake cewa ba za ta karya tarihin tana jami'a ba, bai shafi ƙafarta ba. Kalandar ce matsalar. Ɗalibin da ke gudu a Amurka kaka uku gare shi a shekara: tseren daji daga Satumba zuwa Nuwamba, tseren cikin rufaffen fili daga Disamba ko Janairu zuwa Maris, sai na buɗaɗɗen fili daga Maris zuwa Yuni. A kowace kaka makaranta na son maki, don makin ne dalilin ɗaukar nauyin karatunsa. Ɗaliba irin Lemngole ba a barin ta da tsere guda. Yau mita 3,000, gobe 5,000, ga gasar yanki, ga ta share fage, ga ta ƙasa. Ran da kakar ɗalibai ke rufewa a tsakiyar Yuni, ran nan ta ƙwararru ke fara zafi, ta tafi har Satumba.

Ƙwararriya ba haka take rayuwa ba. Takan ɓace wata da watanni a tuddan Iten ko Kaptagat, sama da mita 2,000 daga teku, inda ƙarancin iska ke tilasta wa jini ya ƙara ƙarfi. Ta yi atisaye, ta ci, ta yi barci, a murza mata jijiyoyi, ta sake. Ita da mai horar da ita za su zaɓi tsere ƙalilan a shekara, su sa ido kan rana ɗaya ko biyu da ake so jiki ya kai ƙololuwa. Tuscaloosa kuwa, garin da Jami'ar Alabama take, kwari ne mai zafi da gumi, ga aji da jarrabawa suna jira.

Shekarar 2025 da kanta ta ba mu shaida. Lokacin da Lemngole ta yi a Yuni, 8 da 58.15, ya fi wanda Almayew ta ci tagulla da shi a Tokyo, wato 8 da 58.86. Na san kowane tsere da yanayinsa, zafin Tokyo daban, dabarun gasar duniya daban. Amma abin da ido ya gani shi ne mafi kyawun gudunta na shekarar ta kashe shi wajen ci wa makarantarta kambu, wata uku kafin ranar da duniya ta taru. Kuma wata biyu kacal bayan Tokyo, lokacin da abokan karawarta ke hutu a gida, ita tana cikin ciyawa da sanyi a jihar Missouri tana kare kambunta na tseren daji, ta kuma kare shi. Abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai jikin ɗan Adam ba inji ba ne, kuma Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ga kuma yadda ake kafa tarihi a zamanin nan. Ba a cika yin sa a gasar cin kambu ba. Shirya shi ake yi kamar biki: a zaɓi fili mai kyau da dare mai sanyi, a ɗauko hayar masu jan ragama, waɗanda Turawa ke wa laƙabi da zomaye, su yi gaba su tsaga iska su daidaita sauri, in sun gaji su koma gefe. Yanzu har fitilu ake jerawa a bakin fili suna gudu daidai da lokacin tarihin, mai tsere na bin su da ido. A gasar ƙarshe ta jami'o'i babu zomo babu fitila. Wannan ya ƙara wa gudun Lemngole daraja, don ita kaɗai ta ja kanta, kuma ina da yaƙinin cewa a tseren da aka shirya da kyau tana da sakan biyar ko shida a ajiye. Ra'ayina ke nan, ba alƙalami ba. Amma ko an ba ta shidan, saura takwas.

To Henry Rono fa?

Wani dattijo a fadar, wanda ya ga jiya, ya ce mini, “Kai yaro, ka manta da Rono?” Ban manta ba. Henry Rono ɗan Kenya ne, ɗalibi a Jami'ar Jihar Washington, kuma a 1978 cikin kwana 81 ya karya tarihin duniya har huɗu: mita 5,000, da tseren shinge da ruwa na mita 3,000, da mita 10,000, da mita 3,000 na sarari. Kafin shi ma, Jim Ryun na Jami'ar Kansas ya karya tarihin mil guda a 1966 yana ɗan shekara 19. Saboda haka ɗalibi ya taɓa yi, ba a musu.

Amma su wa Rono ya kayar? A wancan zamani doka ta hana ɗan tsere karɓar kuɗi a bainar jama'a. Abokan karawarsa sojoji ne da ƴan sanda da malaman makaranta da ɗalibai irinsa. Hasali ma jami'ar Amurka, da filinta da abincinta da kocinta, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina dacewa da mai gudu a duniyar lokacin. Yau akwai kamfanonin takalma da ke biyan albashi, da dillalai, da sansanoni, da likitoci, da takalman zamani masu farantin kabon da kowa ke sawa. Ma'aunin 1978 ba zai auna hatsin bana ba.

Kuma in za a kawo Rono, a kawo shi duka. Bai taɓa taka filin Olamfik ba, don Kenya ta ƙaurace wa gasar 1976 da ta 1980. A 1981 ya sake karya tarihin mita 5,000, daga nan giya ta ci ƙarfinsa, kuɗin da ya samu suka bi ruwa, har ya kwana a gidan marasa galihu a Amurka. Waɗanda suka yi masa tafi a 1978 ba su bi shi can ba. Da ya farfaɗo, koyarwa da horar da yara a jihar New Mexico suna cikin abin da ya riƙe shi, kuma takardar jami'ar da ya kammala tana cikin abin da ya buɗe masa wannan ƙofa. Ya rasu a Nairobi cikin Fabrairun 2024. Tarihin nan huɗu duk an karya su tun yana raye.

Maganar kuɗi

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu cewa ta bar makaranta ita ce ta kuɗi, kuma ba zan raina ta ba. Ƙafar mai gudu ba ta da garanti. Jijiya guda ta tsinke a bakin ramin ruwa, shi ke nan, kasuwa ta tashi. Wanda ya ci zinariya a gasar duniya dala 70,000 yake karɓa, kusan miliyan 40 na sefa ke nan. Cin tsere guda a Diamond League dala 10,000 ne zuwa sama, ban da kwantiragin kamfanin takalma wanda shi ne ainihin abincin. Ɗalibi kuwa dokokin NCAA sun daɗe suna taƙaita masa karɓar kuɗin gasa. Tun 2021 an yarda ɗalibai su ci kuɗin talla da sunansu, amma baƙo mai bizar karatu yana da wani shingen, don bizar ta taƙaita masa aikin samun kuɗi a cikin Amurka. Wato ɗan ƙasa da ka bari a baya zai iya fin ka samu. Wannan rashin adalci ne, kuma ya fi faɗa wa ƴan Afirka. Mu kuma mun san abin da ake nufi in aka ce yaro ya fita waje: ba shi kaɗai ya fita ba, akwai ƙanne da kuɗin makarantarsu, akwai rufin ɗakin tsohuwa.

In Lemngole da danginta suka zauna suka yi lissafi suka ga fita ta fi musu, babu mai ikon zargin su, ni ma ba zan yi ba. Abin da nake ƙi shi ne a yanke mata hukuncin da alkawarin tarihin duniya, alkawarin da babu mai iya cikawa. Parker Valby, wadda ta kayar da ita a 2023, ta share duk ɗaliban Amurka, ta zama ɗaliba ta farko da ta yi mita 5,000 ƙasa da minti 15. Da ta je Olamfik ta Paris a mita 10,000, ta 12 ta zo. Ta zama ƙwararriya, sai rauni ya ci mata mafi yawan kakar 2025. A ɓangaren maza, Nico Young na Jami'ar Arewacin Arizona shi ne ɗalibi na farko da ya yi mita 5,000 ƙasa da minti 13, a Janairun 2024. Shi ma na 12 ya zo a Paris. Bayan ya koma ƙwararre ya rage sakan 12, ya yi minti 12 da sakan 45.27 a Oslo cikin Yunin 2025. Ci gaba ne babba, amma har yanzu tsakaninsa da tarihin Joshua Cheptegei na Yuganda, 12 da 35.36, akwai sakan goma. Barin makaranta yakan ƙara sauri, na yarda, amma ba ya kai mutum bakin tarihi a shekara guda.

Misalin da na fi so a duba yana nan maƙwabta. Tobi Amusan ta Najeriya, mai tseren shinge na mita 100, ta ci kambun jami'o'in Amurka a 2017 tana Jami'ar Texas ta El Paso. A gasar duniya ta 2019 ta huɗu ta zo. A Olamfik ta Tokyo, ta huɗu kuma. Masu gajen haƙuri suka fara cewa iyakarta ke nan. Sai a Yulin 2022, shekara biyar bayan kambun jami'a, ta kafa tarihin duniya da sakan 12.12. Ita ma Chepkoech tana da shekara 27 ta kafa nata. In Lemngole za ta kai, shekarunta na kaiwa suna gaba, kuma digiri a aljihu ba ya ƙara wa ƙafa nauyi.

Akwai wani dalilin da ya sa gaggawar ke ba ni tsoro. Wadda ta riƙe tarihin wannan tsere kafin Chepkoech, Ruth Jebet, an dakatar da ita shekara huɗu saboda ƙwayar ƙara jini ta EPO. Ruth Chepngetich da ta girgiza duniya da tarihin gudun fanfalaki a Chicago a 2024, an dakatar da ita shekara uku a 2025. Babu wanda ya taɓa jingina wa Lemngole irin wannan, kuma Allah ya tsare. Amma masu sayar da gajeriyar hanya sun fi samun shiga wajen wanda aka cika wa kunne cewa sakan 14 ne kawai suka rage, kuma dole bana.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce, mu da ke nan ina ruwanmu da ƴar Kenya a Alabama? Ruwanmu shi ne hanyar da ta bi ita ce hanyar da yaran yankinmu ke ƙara bi. Benjamin Azamati na Ghana a wata jami'ar Texas ya sauka ƙasa da sakan goma a mita 100. Amusan ma ta nan ta bi. Gobe in wani namu ya samu irin wannan dama, tambayar da ake yi wa Lemngole yau ita za a yi masa, kuma mu ne za mu taru a kansa da shawara.

Sannan labarin nata yana tuna mini da wata yarinya da muka yi makaranta tare. Duk shekara in an yi tseren makarantu, ita ke shigowa ta farko, ba takalmi, har ta tsaya ta sha ruwa kafin ta biyu ta bayyana. Mu ma haka muka riƙa cewa wannan duniya za ta san ta. Babu wanda ya taɓa riƙe mata agogo, balle a san minti nawa take yi. Babu fili, babu koci, babu wanda ya ce ga makarantar da za ta ɗauke ta saboda gudun. Tafi muka ba ta, tafin kuma ya ƙare ran da aka tashi daga makaranta. Bambancinta da Lemngole, ban da abin da Allah ya raba, shi ne ɗaya ta samu tsarin da ya haɗa mata aji da fili, ɗayar ba ta samu ba. Shi ya sa nake jin nauyin in ce wa wadda ta samu ta yi watsi da rabinsa. Da jami'o'inmu za su ware ko gurbi kaɗan ne ga yara masu gudu, da fili da agogo da mai horarwa, da mun fi cancantar shiga wannan gardama.

Da ƙanenmu ya matsa mini sai na ba shi amsa ɗaya, na ce masa lambar yabo a gasar duniya ko Olamfik, wannan ina sa mata rai da ita, watakila ma ba da daɗewa ba. Tarihin duniya kuwa, in yana cikin rabonta, sai bayan ta gama da Alabama ta yi shekara biyu ko uku gudun ne kaɗai aikinta, kuma ko a lokacin sai ta bi ta kan Cherotich da Yavi. Ya ce in ta karya kafin nan fa? Na ce sukari da ganyen shayin fada na wata guda a kaina, kuma zan biya ina murna. Mai shayi ya ce ya ji, shi ne shaida, ya zuba mana na uku.